Filtar gawayi ta fara dawo da warin tina: ina tururin yake zuwa, kuma me yake sa ya fito?

Aminu Kafinta ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina aiki a wurin da ake fesa wa kujeru da ƙofofi fenti, saboda haka iskar ɗakin fesawar ba ta rabuwa da tururin tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi. An sa mana na'urar da take jan iskar tana bi da ita ta cikin wata filta mai cike da ƙwayoyin sarrafaffen gawayi kafin ta fita. Lokacin da filtar take sabuwa, iskar da ke fitowa ta bayanta ba ta da wari ko kaɗan. Yanzu kuwa warin ya dawo, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yakan fi ƙarfi da tsakar rana idan gari ya yi zafi, har a ranakun da ba mu fesa komai ba, muka kunna na'urar kawai don iska ta zaga. Ke nan daga cikin filtar kanta warin yake fitowa.

Shin gawayin lalata tururin yake yi, ko kuwa ajiye shi kawai yake yi? Idan ajiyewa ce, me yake riƙe shi, kuma me yake sa ya kuɓuce? Sannan wani abokin aikina ya ce mu zazzage gawayin mu shanya shi a rana, wai zai koma sabo. Ba na so in yi haka sai na ji daga bakin waɗanda suka san abin, domin lafiyar mutane ce a ciki.

Dakta Halima ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Abin da ka lura da shi gaskiya ne. Gawayin ba ya lalata tururin, ba ya ƙona shi, kuma ba ya juya shi ya zama wani abu dabam. Riƙe shi kawai yake yi, riƙon kuma ba na dindindin ba ne.

Sai an san yadda cikin gawayin yake kafin a gane riƙon. Ana yin sa daga ɓawon kwakwa, ko itace, ko kwal. Da farko ana gasa kayan a inda babu iskar oksijin har su zama gawayi, sannan a bi da tururin ruwa ko iskar kabon dayoksaid ta cikinsa a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1000 a ma'aunin Salshiyas. Wannan tururi yana cinye wani ɓangare na kabon ɗin daga ciki, ya bar ramuka da lunguna waɗanda ba sa ƙirguwa. Akwai kuma hanyar da ake jiƙa itacen da asid na fosforas, a gasa shi a zafin da bai kai wancan ba. Idan aka haɗa faɗin bangayen ramukan da ke cikin giram ɗaya na irin wannan gawayi, yakan kai murabba'in mita 500 zuwa 1500. Ƙungiyar IUPAC ta masana sinadarai ta duniya ta kasa ramukan gida uku: waɗanda faɗinsu bai kai nanomita 2 ba, da masu nanomita 2 zuwa 50, da waɗanda suka haura 50. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Manyan ramukan hanyoyin shiga ne kawai, a cikin ƙananan ne kamun yake faruwa.

Toluwin yana cikin manyan sinadaran da ake haɗa tina da su, kuma ƙwayarsa, wato ɗigonsa mafi ƙanƙanta da ke yawo a cikin tururi, faɗinta kimanin nanomita 0.6 ne. Tsakanin kowace ƙwaya da bangon kabon akwai wani jan juna mai rauni, wanda ake kira da sunan masanin nan ɗan ƙasar Holan, van der Waals, kuma Fritz London ne ya bayyana asalinsa a 1930. A kan shimfiɗaɗɗen bango, jan daga gefe ɗaya yake zuwa, don haka ƙwayar ba ta daɗewa sai ta tashi. A cikin ramin da faɗinsa bai wuce nanomita 1 ba kuwa, bangaye biyu ko fiye ne suke jan ta a lokaci guda, sai tururin ya taru ya cushe har ya yi kusa da zama ruwa. Wannan ne tushen lissafin da Dubinin da Radushkevich, masanan Tarayyar Sobiyet, suka fitar a 1947, wanda har yau ake amfani da shi wajen ƙiyasta yawan tururin da gawayi zai ɗauka.

Ƙarfin wannan riƙo, ga irin waɗannan sinadarai, yakan kasance tsakanin kilojul 40 zuwa 80 a kowane mol (kilojul ma'aunin ƙarfi ne, mol kuma ma'aunin yawan ƙwayoyi), alhali haɗin da ke tsakanin kabon da kabon a jikin ƙwayar kanta ya kai kimanin 350. Saboda haka riƙo ne da zafi kaɗan yake iya sassautawa. Ƙwayar da ta manne ba a zaune take shiru ba, karkarwa take yi saboda zafin da ke jikin komai, kuma a kowane lokaci wasu ƙwayoyin suna samun ƙarfin da za su ɓalle, wasu kuma daga iska suna faɗowa cikin ramin. Saurin faɗowar ya danganta da yawan tururin da ke cikin iska, saurin ɓallewar kuma ya danganta da zafi da kuma cikar ramukan. Lokacin da filtarku take sabuwa, masu shiga sun fi masu fita nesa ba kusa ba. Yanzu da ta ƙoshi, ranar da ba ku yi fenti ba iska mai tsabta ce take ratsa ta, babu mai shiga sai masu fita, kuma zafin tsakar rana yana ƙara musu sauri. Ka ga filtar ba ta lalace ba, aikin da ta saba ne take yi ta ɗaya fuskar.

Ba kowane tururi gawayi yake riƙewa da ƙarfi ɗaya ba, kuma zafin da sinadari yake tafasa a kai yana nuna yadda zai riƙu. Zailin yana tafasa a kimanin digiri 140, toluwin a 111, benzin a 80, asiton a 56, fomaldihaid kuwa a digiri 19 ƙasa da sifiri. Na farko yana riƙuwa sosai, asiton da rauni, fomaldihaid kuma kusan ratsawa yake yi ya wuce, sai dai idan an jiƙa gawayin da wani sinadari da zai haɗu da shi haɗuwar da ba ta warwarewa.

Injiniya Bashir ya rubuta:

Dakta ta yi bayanin tushen abin. Ni na yi aiki a masana'antar buga takardun leda inda ake maido da sinadarin narkar da tawada daga iska, don haka zan ƙara abin da ke faruwa a cikin tankin gawayi yayin da iska ke gudana.

Gawayin ba ya cika gaba ɗaya a lokaci guda. Wanda ke bakin shigar iska shi yake fara ƙoshi, a bayansa akwai yankin da kamun yake gudana, a can ƙarshe kuma akwai wanda tururi bai taɓa ba tukuna. Wannan yanki na tsakiya yana matsawa gaba a hankali, kuma muddin bai kai ƙarshen tankin ba, iskar da ke fita tsabtatacciya ce. Ranar da ya kai, tururi yake ɓullowa, kuma daga nan yawansa yakan hau da sauri. Shi ya sa mutum yakan ga kamar filta ta mutu dare ɗaya. Idan iskar ta yi gudu da yawa, ko kaurin gawayin ya yi kaɗan, yankin kamun yakan fi kaurin gawayin tsawo, sai tururi ya riƙa ratsawa tun ranar farko. Wannan ce matsalar siraran filtocin da aka barbaɗa wa garin gawayi kaɗan a kan soso.

Abin da ya fi shafarka, Malam Aminu, shi ne cewa tina ba sinadari ɗaya ba ce, gauraye ce, yawanci da asiton da toluwin da zailin da wasunsu. Mai raunin riƙo kamar asiton yana saurin wucewa gaba ya mamaye gawayin da ke ciki. Idan zailin ya iso wurin daga baya sai ya ture shi ya karɓe ramin, domin bango ya fi jan zailin. Asiton ɗin da aka ture yana haɗuwa da wanda ke shigowa a lokacin, don haka akwai ɗan lokacin da yawansa a mafitar filta yakan zarce yawansa a mashiga. Na ga wannan a kan na'urar awo, kuma duk wanda bai san dalilin ba zai ɗauka na'urar ce ta samu matsala. Danshi ma yana yin irin wannan aiki. Idan danshin iska ya haura kimanin kashi 50 cikin 100, ruwa yakan fara taruwa a cikin ƙananan ramuka yana cinye wurin, kuma sinadarai masu raunin riƙo ne suka fi shan wahalarsa. A wurin fesa fenti akwai ƙarin illa: ƙurar fentin kanta tana toshe bakin ramukan daga waje, don haka dole a sa filtar zare a gaba ta tare ta, in ba haka ba gawayin zai daina aiki alhali cikinsa bai cika ba.

Game da farfaɗo da gawayi, ana yi, amma ga yadda muke yi. Tankuna biyu ko uku ake ajiyewa, ɗaya yana kamu, ɗaya ana wanke shi da tururin ruwa mai zafin da ya ɗan haura digiri 100. Tururin ruwan yana dumama gawayin, yana kuma kwashe abin da ya saki zuwa na'urar sanyayawa, inda komai yake komawa ruwa. Toluwin ba ya gauraya da ruwa, sai ya taso sama a kwashe shi a sake aiki da shi. Inda ba a son ruwa ana amfani da iskar naitirojin mai zafi, a manyan ma'ajiyar fetur kuma zuƙe iskar tankin ake yi da famfo har matsi ya yi ƙasa, tururin ya fito. Duk da haka akwai saura da ba ya fita, wanda ya maƙale a ramuka mafi ƙunci, kuma yana ƙaruwa da kowane zagaye. Idan ya yi yawa sai a kai gawayin babban tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 900, a ƙone sauran a sake buɗe ramukan, kuma a kowace irin wannan gasawa akan yi asarar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na gawayin.

Ina roƙonka ka kula da batun gobara. Kamun tururi yana fitar da zafi, kuma sinadarai irin su asiton da metil etil kiton da saikuloheksanon suna iya haɗuwa da oksijin a kan gawayi su ƙara wani zafin. Yayin da iska ke gudana tana kwashe zafin. Idan aka kashe fanka nan take bayan fesawa mai yawa, zafin yakan taru a tsakiyar gawayin, kuma an sha samun tankunan da suka kama wuta ta wannan hanya.

Malam Usman Makanike ya rubuta:

Ina gaishe da Dakta da Injiniya. Da izininku, ina ganin maganar abokin aikin Malam Aminu ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba. A cikin motocin fetur na zamani akwai wani gwangwani mai cike da irin wannan gawayi, wanda aka fara sa wa motoci a Amurka a farkon shekarun 1970. Idan mota tana tsaye, tururin da ke tashi daga tankin mai yana shiga cikinsa ya tsaya. Idan inji ya tashi ya yi ɗumi, sai wani bawul ya buɗe, injin ya jawo iskar waje ta cikin gwangwanin, ta kwashe tururin zuwa inda za a ƙona shi tare da mai. Babu tururin ruwa, babu tanderu, iska ce kawai, kuma gwangwanin yakan yi shekaru yana aiki. To idan iska kawai tana farfaɗo da gawayin mota, me zai hana rana da iska su farfaɗo da na filtar fenti?

Dakta Halima ta rubuta:

Malam Usman, misalinka ya dace ƙwarai, domin yana nuna cewa sakin ba aibi ba ne, abu ne da ake gina na'ura a kansa. Amma yanayin biyu sun bambanta. Tururin da ke tashi daga tankin fetur yawancinsa butan ne da fentan, ƙananan ƙwayoyi masu raunin riƙo, kuma butan yana tafasa ne a kusan digiri sifiri. Gawayin da ake zaɓa don motoci yana da ramuka masu ɗan faɗi, da gangan, don ya saki abin da ya kama cikin sauƙi. Sannan iskar tilasta mata ake yi ta ratsa tsakanin ƙwayoyin gawayin, a kowace tafiya. Duk da haka shi ma yana tara saura na sinadarai masu nauyi, kuma ƙarfinsa yana raguwa da shekaru.

Gawayin filtar fenti kuwa cike yake da toluwin da zailin a ramuka masu ƙunci. Zafin rana ba ya kai shi digiri 100, kuma iskar da ke shafar saman shanya ba ta ratsa cikinsa. Abin da zai fita shi ne danshi da asiton da wani ɓangare na toluwin, sai filtar ta yi kamar ta farfaɗo na ɗan lokaci, sannan ta sake ɓullowa da wuri fiye da da, ba tare da kowa ya san yaushe ba. Abin da ya fi damuna shi ne inda tururin zai tafi. A mota inji ne yake ƙona shi, a masana'anta ana mayar da shi ruwa a tara, a wurin shanya kuwa cikin huhun mai shanyar da maƙwabtansa zai shiga, wato gubar da aka tara a hankali ce za a saki a wuri ɗaya. Kada kuma a yi tunanin gasa shi a kan wuta ko a cikin tanda, domin tururin da zai fito mai kama wuta ne, gawayin kansa kuma makamashi ne.

Malama Zainab ta rubuta:

Ni aikina duba lafiyar ma'aikata ne a wuraren sana'a, kuma abin da ya ja hankalina a tambayar shi ne cewa hanci ne ya sanar da ku filtar ta cika. Bai kamata a dogara da hanci ba. Yakan gaji ya daina jin warin da ya saba da shi, kuma akwai sinadaran da suke cutarwa tun kafin a ji warinsu. Benzin, wanda hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar yana haddasa kansar jini, hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ƙayyade shi a kashi 1 cikin miliyan na iska a aikin awa 8, kuma yawancin mutane ba sa jin warinsa sai ya wuce haka.

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi gwangwanin takunkumin da mai fesa fenti yake sawa a fuska, domin gawayi ne a cikinsa. A ƙa'idar Turai mai lamba EN 14387, gwangwani mai alamar A na sinadaran da ke tafasa sama da digiri 65 ne, mai alamar AX kuma na waɗanda ke tafasa a digiri 65 ko ƙasa da haka, irin su asiton, kuma shi ba a maimaita amfani da shi. Dalilin shi ne abin da Dakta ta bayyana: idan aka ajiye gwangwanin bayan aiki, tururin da ya tsaya a gaba yana ci gaba da ɓallewa yana rarrafawa zuwa baya, har ya kai gefen da ke kusa da baki, sai mutum ya shaƙe shi da numfashinsa na farko washegari. Haka kuma gwangwanin da aka rataye a ɗakin fenti yana ci gaba da cika ko ba a sa shi ba, don haka a cikin leda ko kwano mai murfi ake ajiye shi.

Malam Aminu, idan fentin da kuke fesawa irin mai haɗi biyu ne, wanda ake zuba wa ruwan taurarawa, to ka duba takardarsa ko akwai aisosayanet. Wannan yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon asma a wurin aiki, ba a jin warinsa a adadin da yake cutarwa, kuma hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta wajabta takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo ga mai fesa shi, ba na gawayi ba.

Aminu Kafinta ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, na fahimta, kuma maganar shanya ta wuce. Abin da ya rage mini shi ne, tun da ba a dogara da hanci, ta yaya ƙaramin wuri irin namu zai san lokacin canza gawayi ba tare da na'urar awo mai tsada ba?

Injiniya Bashir ya rubuta:

Hanya mafi sauƙi ita ce sikeli. Ka auna filtar tana sabuwa ka rubuta nauyin a jikinta, sannan ka riƙa aunawa lokaci-lokaci. Gawayi mai kyau yana iya ɗaukar toluwin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa idan tururin ya yi kauri sosai, amma a iskar da tururin yake da sauƙi abin da yake ɗauka ya yi ƙasa da haka da yawa, kuma ɓullowa tana farawa kafin ya ƙoshi. Saboda haka ka nemi mai sayar da gawayin ya ba ka adadin da ya dace da irin tinarku, ka riƙa canzawa kafin a kai shi. Ka tuna cewa a lokacin danshi wani ɓangare na ƙarin nauyin ruwa ne.

Abin da ya fi sikeli tabbaci shi ne a jera filta biyu, ɗaya bayan ɗaya, a bar ƙaramar kafa a tsakaninsu. Akwai ƙananan bututun gilashi na gwaji da ake zuƙo iska ta cikinsu da famfon hannu, launinsu yana canzawa gwargwadon yawan toluwin ko asiton. Ranar da gwajin tsakiya ya nuna tururi, ta farko ta cika, ta biyu kuma tana nan tana tare abin da ya wuce. Sai a cire ta farko, a matso da ta biyu gaba, a sa sabuwa a baya. Ka bar fankar tana aiki na ɗan lokaci bayan an gama fesawa don gawayin ya huce. Wanda aka cire kuma a zuba shi a durom na ƙarfe mai murfi, a inuwa, nesa da wuta, a miƙa shi ga masu karɓar sharar sinadarai ko kamfanin da ya sayar da shi, domin da yawa daga cikinsu suna karɓar tsohon gawayi su kai shi tanderu.